Tayar da na'urar motsa jiki ta cinye mini

Da na yanke shawarar in riƙa tuƙa kekena a cikin ɗaki, sai na zaɓi na'urar da ta fi arha, irin wadda ake ɗaure tayar baya a kanta, wani ɗan silindan ƙarfe ya danne tayar, maganaɗisu kuma ya riƙa ƙara nauyin feda. Haɗa ta bai ɗauke ni minti goma ba. Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne tayar kanta.

Cikin makonni kaɗan na fara ganin baƙin garin roba a ƙasa, da na duba kuwa sai na tarar tsakiyar tayar ta suɗe ta yi sumul, alhali sabuwa ce da na saya domin hanya. Gogayya da silindan ce ke zafafa robar tana cin ta, kuma ashe akwai taya mai tauri da ake yi musamman domin wannan aiki, wadda da na sani da tun ranar farko na saka ta. Ga kuma gurnani, wanda yake bin daɓe har ya isa kunnen maƙwabcina na ƙasa. Ko lissafin ƙarfin da na'urar ke nunawa ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin da iskar taya ta ɗan ragu sai alƙaluman su sauya.

Na gwada ta wani aboki mai aiki da ruwan mai maimakon maganaɗisu, wadda nauyinta ke ƙaruwa gwargwadon saurinka, kuma ta fi daɗin tuƙi, amma ita ma taya take dannewa. Mai silinda uku da keke ke tsayawa a kai ba tare da ɗauri ba kuwa, sau ɗaya na hau, na kusa rungumar bango.

Yanzu ina amfani da irin wadda ake cire tayar baya gaba ɗaya, a ɗora kaca kai tsaye a kan haƙoran giyar na'urar, tsarin da kamfanonin Wahoo da Tacx suka shahara da shi. Tana haɗuwa da Zwift, manhajar tuƙin keke a allo, ta Bluetooth, tana ƙara nauyi da kanta idan an zo hawa tudu a manhajar, kuma ƙarar kaca kawai ake ji. Tana da tsada da nauyi, wasu ma ba sa zuwa da haƙoran giya, sai ka sayi masu daidai da giyar kekenka. Suɗaɗɗiyar tayar nan dai har yau tana rataye a bayan ƙofa, na kasa jefar da ita saboda haushin kuɗinta.