Jitar da na sayar ba ta da laifin komai

Duk mai kaɗa jitar katako da ya taɓa jona ta a lasifika ya san wannan takaici. A ɗaki muryarta cike take, manyan tsirkiyoyi suna ratsa ƙirji, ƙananan suna fita tas. Da an soka mata waya an kai miksa sai ta koma wata aba daban: siririya, mai tsini, kowane bugu yana zuwa da ƙaras-ƙaras mai soke kunne. Na daɗe ina fama da wannan a wuraren dina da ƙananan taruka a nan Kaduna, har ya ci mini jitar da na fi ƙauna a cikin duk waɗanda na taɓa riƙewa.

Fuskarta katako ne guda, ba falle-fallen da ake mannawa ba, kuma ta sha hannu har muryarta ta nuna. Fikof ɗin da ke jikinta, wato abin da ke ɗaukar sautinta ya kai waya, fiyezo ne, irin siririn nan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin ƙashin jaki, ɗan ƙashin nan da tsirkiyoyi ke hawa a fuskar jita. Babu batir, babu maballi ko ɗaya, daga fikof sai ramin jak. Ina isa wurin taro mai sauti zai miƙo mini doguwar waya, ɗaya bakin yana can a ramin layi na miksa. In na kaɗa sai ya ɗaga kai ya dube ni. Ya ƙure bes, babu abin da ya ƙaru sai gurnani. Ya rage na sama, sautin ya dushe amma tsinin yana nan. Ya ƙara ƙarfi, shuu ta cika ɗaki. Wani daga cikinsu, dattijo ne da nake ganin girmansa a harkar, ya ce mini, "Ɗana, jitar nan taka ta ɗaki ce. A dandali gwangwani kawai take bugawa. Ka nemi mai batir." Ba shi kaɗai ya faɗa ba. Kusan duk wanda ya taɓa riƙe mini miksa da wannan hukunci yake sallamata.

Na sayar da ita, a farashin da ko yanzu na tuna sai raina ya ɓaci, ga wani yaro da ke koyon kiɗa a unguwarmu. Na cika kuɗi na sayi mai batir da maballai a kafaɗa. A lasifika ta fi waccan nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne. A gida kuwa bebiya ce. Jikinta falle-falle ne, ka kaɗa tsirkiya sautin ya mutu tun bai bar yatsanka ba. Na haƙura a kan cewa dole mutum ya zaɓi ɗaya, ko daɗin ɗaki ko na dandali.

Sai wata rana na je wani biki a matsayin ɗan gayya, na ji jita tana fita daga lasifika da wata irin cika da ban taɓa ji a ɗakin taron nan ba. Na matsa gaba. Yaron nan ne, da jitata a hannunsa. Ban yi kuskuren gane ta ba, ga tabon da ke kusa da bakinta. Abin da ya ƙaru kawai shi ne wani ɗan akwati ruwan ƙasa a gaban ƙafarsa, gajeriyar waya daga jita ta shiga cikinsa, wayar makirufo mai haƙori uku ta fita zuwa miksa. Da aka tashi na tare shi. Ya ce, "Yaya, ai firiyam ne. Wani kawuna ya aiko mini. Ban ma taɓa maballan sosai ba, yadda na same su a tsakiya haka na bar su."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Maballai a tsakiya, wato bai gyara komai ba, amma sautin ya dawo. Ashe ba rage wannan da ƙara wancan ne ya yi aikin ba, mashigar akwatin ce.

Ga abin da na fahimta bayan na zauna na bi maganar. Fiyezo ba ya aiki irin na fikof ɗin jitar lantarki mai maganaɗisu. Matsi yake mayarwa wuta, kuma wutar da yake bayarwa ba ta da ƙarfin tura komai. Yana bukatar mashiga mai turjiya sosai, wato wadda ba ta jan wuta da yawa daga gare shi, om (ma'aunin turjiya) miliyan 1 zuwa sama. Ramin layi na miksa kuwa yawanci wajen om 10,000 ne. Idan aka haɗa su, amon ƙasa, wato bes, shi ne ke fara zubewa tun kafin ya isa miksa. A ɗauka wutar da fikof ɗin ke iya adanawa nanofarad 1 ce, don a sami lissafi. A om 10,000, duk abin da ke ƙasa da kusan 16,000 Hz (ma'aunin kauri da sirantar amo, yawan lamba sirantar amo) ya fara raguwa, wato jitar gaba ɗayanta. A om miliyan 1, iyakar ta sauko wajen 160 Hz. A om miliyan 10, ta koma 16 Hz, ƙasa da abin da kunne ke ji. Babbar tsirkiyar jita, E ta ƙasa, 82 Hz take. Da na ga waɗannan lambobi na gane dalilin da ya sa masu sauti ke ƙure bes a banza. Suna ƙoƙarin ɗaga abin da bai iso gare su ba.

Akwatin yaron, wato firiyam, na'urar da ke karɓar sautin fikof ta ƙarfafa shi kafin ya isa miksa, LR Baggs Para Acoustic DI ne, kuma mashigarsa om miliyan 10 ce. Iyakar sirrin ke nan. Jitar da na rabu da ita da hannuna, abin da take nema bai wuce wannan ba.

Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne, a cikin mutanen da suka ce in sayar, babu wanda ya tambaye ni ko akwai batir a cikinta don ya san inda zai jona ta. Sun ga babu, sun ɗauki hakan a matsayin aibu. Akwai ma wanda ya taɓa sa mini ƙaramin akwatin DI, mai shiga tsakanin kayan kiɗa da miksa, irin wanda ba ya cin wuta, sautin ya ɗan gyaru kaɗan, ya ce to ka gani, ko da DI ba ta yi ba. Irin wannan akwati taransifoma ce a cikinsa, turjiyarsa ba ta kusa da miliyan. Ga kibod ko jita mai batir ya wadatar. Ga fiyezo tsirara bai isa ba. Hujjar da ta fi sa ni yanke shawarar sayarwa ke nan, kuma hujjar banza ce.

Na tara kuɗi na sayi irin akwatin. A nan na gamu da ciwo na biyu. Jitar da ke hannuna yanzu tana da nata firiyam a ciki, batir ɗin nan na 9V aikinsa ke nan, ya riga ya warware matsalar turjiya tun daga kafaɗarta. Don haka abin al'ajabin da na ji a wurin bikin bai faru da ni ba. Na jona, na bar komai a tsakiya, sautin kusan yadda yake jiya. Duk wanda jitarsa ke da batir ya san wannan kafin ya kashe kuɗinsa: akwatin zai amfane shi, amma ta wata hanya, kuma sai ya koyi murɗa shi.

Na fara da mayar da maballan jikin jitar tsakiya, na roƙi mai sauti shi ma ya bar layina a tsakiya. Wuri uku ana gyaran sauti ɗaya, babu wanda zai san inda ɓarna take. Sannan ƙarfin shiga: in buga da iyakar ƙarfin da nake bugawa in waƙa ta yi zafi, in ɗaga har ya fara tsagewa, in dawo baya. Fiyezo yana da tsalle, bugu ɗaya mai ƙarfi yakan ninka na yau da kullum sau da yawa, kuma wani ɓangare na ƙaras-ƙaras ɗin da muke zargin fikof da shi daga nan yake.

Maballin da ya fi yi mini aiki shi ne na tsakiya, wanda ake iya zaɓar wurin da zai taɓa. Dabarar ita ce ka ƙara shi da gangan, ka riƙa murɗa na zaɓen wuri a hankali kana kaɗawa, har ka iso inda sautin ya fi muni, inda yake fita ta hanci. A nan za ka tsaya ka rage. A tawa wurin yana kusa da 1,000 Hz. Ragi kaɗan ya isa. In ka zurfafa, jitar za ta yi daɗi kai kaɗai, amma da ganga da kibod sun shigo sai ta ɓace.

Sai kukan lasifika, wanda shi ne ya sa ban yi nadamar kuɗin akwatin ba. Cikin jita yana da amon da iskar cikinsa ke so, wajen 100 Hz, kusa da G ta ƙasa, fuskarta kuma tana da nata wajen 200 Hz. Idan monita, lasifikar da makaɗi ke jin kansa da ita, tana fuskantarka, waɗannan su ne ke fara ɗaukar wuu ɗin nan mai kumbura. Da can in ya taso sai mai sauti ya rage ni gaba ɗaya, in ƙarasa taro ana ganin hannuna yana motsi ba a jin komai. Yanzu ina fara danna maballin da aka rubuta Phase. Sau da yawa shi kaɗai ya kashe kukan, don yana juya motsin lasifika ya saɓa da na fuskar jita maimakon su riƙa ƙarfafa juna. Sai dai ya danganta da inda kake tsaye, in ka matsa taku biyu yana iya bukatar ka mayar. In bai isa ba sai Notch: ka bar kukan ya fara, ka murɗa har ya nutse, ka cire hannu. Yana yanke ɗan siririn wuri ne, ba ya kwashe bes duka. Na ƙara da murfin roba a bakin jitar a wuraren da ganga ke da ƙarfi, kuma ina roƙon a danna mini maballin yanke ƙasa da ke kan layin miksa.

Maganar wuta ma sai da na koye ta. Akwatin yana cin batir 9V, ko wutar 48V da miksa ke turowa ta wayar makirufo. Na fi son ta biyun, amma ba kowane mai sauti ne ke yarda ya kunna ba, musamman a ƙananan miksoci da maballi ɗaya ke kunna wa duk layuka. Saboda haka sabon batir ba ya barin jakata, kuma ina zare jak da zarar na sauka, don muddin yana ciki batir na ci. Abokan da nasu ke amfani da adafta sun fi ni shan wahalar gurnanin 50 Hz, balle in an koma janareta. Mai sayen irin wannan ya duba ko akwai maballin Ground Lift mai rage wannan gurnani, ya kuma guji adaftar da ba a san asalinta ba.

Akwai abin da babu akwatin da zai gyara. In tsirkiya ɗaya ta fi sauran ƙara, ko ɗaya ta yi shiru, matsalar tana ƙarƙashin ƙashin jaki, gindinsa bai kwanta daidai a kan fikof ba. Da hunturu, in iska ta bushe katako ya tsuke, na lura abin yana ƙaruwa. Wannan aikin mai gyaran jita ne. Haka kuma fiyezo fiyezo ne, matsin tsirkiya yake ji, ba ya jin iskar da ke fita daga cikin katako yadda makirufo ke ji. Na'urori irin su Fishman Aura da ToneDexter an yi su ne don cike wannan giɓi, suna ɗora wa sautin fikof kamannin abin da makirufo ya ɗauka. Amma ko su, sai abin da ya shiga cikinsu ya zo da lafiyarsa. Kuma yawan turjiya ba kullum ne alheri ba: fikof irin K&K Pure Mini, da ake mannawa a ƙarƙashin fuskar jita daga ciki, an fi haɗa shi da om miliyan 1, a miliyan 10 bes ɗinsa na iya yin yawa. Shi ya sa Radial PZ-DI ke da zaɓi uku, 220,000 da miliyan 1 da miliyan 10.

Gwajin da zai hana ni sayar da jitata bai kai minti biyar ba, kuma ba ya cin ko sisi. Wasu miksoci suna da maballin Hi-Z, mai ɗaga turjiyar mashiga, a layi ɗaya ko biyu, a jona a nan a danna. In babu, a ari fedar saita tsirkiya ta Boss TU-3 wurin mai jitar lantarki, mashigarta om miliyan 1 ce kuma tana riƙe sautin ko ba a taka ta ba. A sa ta tsakanin jita da miksa da gajeriyar waya. In bes ya dawo, tsinin ya ragu, jitar lafiyarta ƙalau, firiyam take nema. TU-3 tana cikin jakar abokin da muka yi shekaru muna hawa dandali tare, a gefena take kwance duk lokacin da ake ce mini jitata ta ɗaki ce.

Na koma wurin yaron da kuɗi fiye da abin da ya ba ni, na ce ya haɗa da sabuwar tawa ya riƙe duka. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, don Allah kada ka ga rashin kunyata. Ba zan iya rabuwa da ita ba." Ban ga laifinsa ba, kuma ban sake tayar da maganar ba. Yanzu ina tara kuɗin wata mai fuskar katako guda, kuma wadda ba ta da batir nake nema.