Siton da na cika a Madani

Har yau idan aka ambaci Wad Madani, wani birni a ƙasar Sudan, sai gabana ya faɗi. A can na tara gumin shekara goma sha tara a ɗaki ɗaya, na sa kwaɗo biyu, na kwanta barci ina ganin na yi dabara.

Ni ɗan Mai Wurno ta Sudan ne, amma a Omdurman, daura da Khartoum, na yi kasuwa: man gyaɗa, man riɗi, sukari da adas (wani irin ƙaramin wake), sari nake bayarwa. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, shagona cike yake da kayan Sallah lokacin da aka fara ɓarin wuta tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun sa-kai na RSF ƙarƙashin Hamidti. Kowa ya ce kwana biyu ne. Da muka ga ana fasa kasuwanni ɗaya bayan ɗaya, sai na nemi babbar mota, na biya kuɗin dako ninki uku, na fitar da abin da ya fitu. Wannan ɓangaren Allah ya taimake ni, ba zan tsaya a kansa ba.

Inda na kai kayan, nan ne ciwon yake. Madani a lokacin ita ce mafakar kowa. Mutanen Khartoum sun cika makarantu da gidajen 'yan'uwa, manyan 'yan kasuwa da masu magani duk sun dawo can, ciniki kamar ba a yaƙi. Jarkar man da nake kwana uku ban sayar ba a Omdurman, a Madani kafin azahar ta tafi. Sai kwaɗayi ya shige ni. Duk abin da na samu na mayar da shi kaya, saboda fam, kuɗin Sudan, yana ta zubewa. Dalar da muka sani a wajen fam 600 kafin yaƙi ta kama hanyar dubu. Lissafin daidai ne, riƙe takardar kuɗi asara ce. Kuskuren shi ne duk na zuba a sito ɗaya, a gari ɗaya.

Kawuna ya zo daga Mai Wurno a watan Nuwamba, ya leƙa siton, ya ga jarkoki sun kai rufi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, ka raba kayan nan uku. Ka kai wani Gadarif, ka kawo wani gida." Na ce, "Kawu, kuɗin mota fa? Kuma nan ne kasuwa take." Ya ce, "To, Allah ya tsare." Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kuɗin motar da na yi wa ƙyashi bai kai kuɗin jarka ashirin ba. Jarka 410 ce a ɗakin, ban da buhunan sukari.

Ranar 15 ga Disamba aka fara jin harbi ta gabas, wajen gadar Hantub. Cikin kwana huɗu soja sun janye, gari ya faɗi. Babu direban da zai ɗauki kaya ko nawa za ka ba shi, mutane ake ɗauka, a kan rufi ma. Na fita da matata da yara biyar, da waya, da littafin bashi a cikin rigata. Bayan mako guda maƙwabcin siton ya aiko min da saƙon murya cewa 'yan bindiga sun zo da mota sun kwashe, abin da ya rage kuma jama'a sun ƙarasa.

Abin da ya ɗaga ni shi ne abin da na fi raina wa: bashi. Akwai ƙananan 'yan tireda a Gadarif da Kassala da nake ba jarka biyar, jarka goma, su biya in sun sayar. Kullum ina mita a kansu, ina cewa sun riƙe min jari. Ashe su ne kaɗai kayana da ba su kwana a Madani ba. Da na sauka Gadarif na bi su ɗaya ɗaya da littafin. Wani dattijo mai shago kusa da kasuwar amfanin gona ya ga fuskata, bai bari na buɗe shafin ba, ya ce, "Alhaji, rufe littafinka, na san abin da ke kaina." Ya tura min ta Bankak, manhajar banki ta waya, nan take, har da ƙari, ya ce in fara juyawa. Cikin mutum goma sha huɗu, goma sha ɗaya sun biya. Da wannan na sayi riɗi buhu shida na kai wa mai matsa.

Wayar ma kada ka jingina da ita gaba ɗaya. A Fabrairun 2024 layuka suka ɗauke a faɗin ƙasa, kuɗina na ciki ina kallo ba halin taɓawa, sai da matata ta cire ɗan kunnenta na zinari muka ci abinci. Masu ɓoye tsaba a buhu su ma sun ji a jikinsu da aka canza takardun fam 500 da 1,000 a Disambar 2024, aka ce sai ta asusun banki. Yanzu ba na ajiye kayan da ya wuce cinikin mako biyu, kuma ko wannan ɗin a wuri uku yake. Kowane shafi na littafin bashi na ɗauki hotonsa na tura wa ƙanena. Direbobi biyu nake kyautata wa ko ba ni da dako, don ranar gudu wanda ya san ka ne kawai zai tsaya maka.

Soja sun karɓe Madani a Janairun 2025. Bayan ƙaramar Sallah na je. Ƙofar siton ma an cire ta, sai tabon mai baƙi a kan siminti, daga bango zuwa bango. Na tsaya a wurin da kawu ya tsaya. Makullan kwaɗon nan biyu suna cikin aljihuna, har yanzu ban iya jefar da su ba.