Waifar baya da karnuka masu dogon kunne

Duk wanda ya tsaya bakin titi kusa da Kasuwar Dole ya lura da motocin da ke wucewa zai ga abu ɗaya: mafi yawan masu waifa a gilashin baya, hannunta ya sandare a inda ya tsaya tun shekarun baya, wasu ma an cire hannun an bar guntun ƙarfen tsirara. Ba wanda ya damu. Ruwan shekara a Damagaram wajen milimita 400 ne, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka, don haka ana ganin waifar gaba ma ta wadatar. Ni ban yarda ba, domin abin da ke rufe mini gilashin baya ƙura ce, ba ruwa ba.

Motata tsohuwar Toyota Corolla ce mai dogon baya, irin waɗanda ake saukewa a Kwatano. Mota mai yankakken baya haka, in tana gudu, iskar da ta bi ta saman rufi yankewa take yi ta murɗe a bayanta, ta kwaso duk abin da tayoyi suka tayar ta liƙa a gilashi. Shi ya sa ake sa wa irinta waifar baya, ba a cika sa wa mota mai but ba. Da hunturu, in na wuce Mirya na sauka daga kwalta, kafin in yi nisa gilashin ya rine. Can kuma inda nake zuwa farauta, in ina juya mota a bakin tabki, karnukana suna ƙasa, yaran makiyaya sun taru kallo, dole ne in ga bayana.

Karnukan biyu ne, Hadari da Kyauta, irin sifaniyel na Ingila da ake kira springer. Wani Bature likitan dabbobi da muka yi aiki tare ya bar mini su da zai koma gida. Fari da ruwan ƙasa ne, tsayinsu daidai gwiwa, nauyin kowane ya ɗan wuce kilo 20, kunnuwansu kuwa har sun kusa taɓa ƙasa in suna shinshina. A Ingila an daɗe ana haifar manya da ƙanana a ciki ɗaya, ƙananan a ce da su cocker, manyan springer, sai a 1902 ƙungiyar masu karnuka ta can, Kennel Club, ta ware springer a matsayin iri mai zaman kansa.

Aikinsu ya bambanta da na karen farautar da muka sani. Namu na gida, da azawak na Buzaye, da ido da gudu suke aiki: su hango zomo, su bi shi, su kama. Karen bindiga ba ya kama komai da kansa. Turawa sun raba su gida uku: masu tsayawa cak su nuna inda tsuntsu ya laɓe, masu kutsawa cikin ciyawa su tayar da shi, da masu ɗauko wanda aka harbo. Sifaniyel yana yin na biyu da na uku. Yana tafiya a gabana, dama da hagu, dama da hagu, hanci a ƙasa, ba ya yin nisan da harbi ba zai kai ba. Da zarar fakara ko zabon daji ya tashi sai ya zauna, ba ya motsi sai na ba shi izini. Sannan ya je ya ɗauko, ya kawo mini a hannu ba tare da haƙori ya huda fata ba. In da sauran rai in yanka nan take. Ranar da na fara ganin Kyauta ta shiga ruwa ta fito da kirinjijiya a baki, gashin tsuntsuwar ko ɗaya bai tuje ba, na gane cewa an yi ƙarnoni ana zaɓen wannan hali kafin ya zauna a jininsu.

Ana yawan tambayata hukuncin ajiye su. Wani dattijo maƙwabcina ya tare ni bayan la'asar ya ce, "Malam, kai da muke ganin mutuncinka, me ya haɗa ka da kare a mota?" Na ce, "Baba, na farauta ne." Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi magana a kan dabbobin farauta da aka horar, hadisi kuma ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona. Nawa suna da rumfarsu a bayan gida, da kwanonsu daban, ba sa shiga ɗaki. Takardar izinin farauta kuwa daga ma'aikatan gandun daji nake karɓa, kamar yadda dokar farauta ta 1998 ta tanada, kuma in lokaci ya rufe bindiga tana rataye.

To, waifar. Ba ta mutu rana ɗaya ba. Ta fara da nauyin jiki, tana hawa a hankali, sai ta riƙa tsayawa a tsakiyar gilashi, daga baya ta daina gaba ɗaya. Mai gyaran wutar mota da na fara kai wa ya ce injin ya ƙone, sai dai a aiko da wani daga Kano. Ban yi gardama ba, amma na lura in an kunna ta akwai wani gunji ƙasa-ƙasa daga cikin ƙofar baya. Injin da ya ƙone ba ya gunji. Na koma gida na kira ɗan ƙanwata da ke koyon walda, muka shimfiɗa tabarma a inuwar bedi.

Ga wanda zai gwada, akwai tsari. A fara da fiyus, domin shi ne mafi sauƙi. In lafiya yake, a duba wayoyin da suka bi ta cikin robar nan mai lanƙwasa tsakanin rufin mota da ƙofar baya. Duk buɗewa da rufewa tana lanƙwasa su, kuma a tsofaffin motoci nan suke karyewa a ɓoye, roba a waje lafiya, tagulla a ciki ta rabu. Ƙofata tana shan buɗewa fiye da ta kowa saboda karnuka, don haka nan na fi zargi, amma ƙwan gwaji ya nuna wuta tana isowa har bakin injin. Wuta tana zuwa, inji yana gunji, hannu ba ya motsi: abu ne ya cije a ciki. A irin wannan hali kada a bar ta a kunne, domin injin da aka hana juyawa zafi yake ɗauka, kuma a nan ne yake ƙonewa da gaske.

Mun manna tef a gilashi daidai inda hannun yake kwanciya, muka ɗaga murfin roba, muka kwance noti. Hannun yana zaune ne a kan ƙarfe mai ƙananan haƙora, ya kama ƙam. Ba a dukansa da guduma, gilashi yana kusa. Mai muka ɗiga, muka jira, muka riƙa jijjiga shi har ya saki. Daga ciki aka ɓalle allon ƙofar, aka zare soket, aka kwance kusoshi uku da sifana mai lamba 10, inji ya fito a hannu.

Cikinsa ne ya burge ni. Ƙaramin inji ne mai juya wani ƙarfe mai zaren dunƙule, shi kuma ya juya faifan roba mai haƙora. A jikin faifan akwai ɗan hannu da ke mayar da juyi ya koma kai da komo, shi ne sharar da muke gani a gilashi. A bayan faifan kuma akwai zoben tagulla mai giɓi, da ƴan yatsun ƙarfe da ke gogarsa. Wannan zoben ne ke ci gaba da ba injin wuta bayan ka kashe makunni, har sai hannu ya koma mazauninsa, yatsa ya faɗa giɓin, wuta ta yanke. Duk waifar da ke tsayawa a tsakiyar gilashi da zarar an kashe makunni, ko ta ƙi tsayawa sam, can za a duba.

Namu faifan ba haƙorin da ya karye. Giris ɗin ne ya bushe, ya haɗu da ƙura ya daskare kamar tuwon jiya, sandar da ke fita waje kuma ta yi tsatsa a cikin bututunta, domin robar da ke tare bakinta rana ta cinye ta. Yaron ya ce, "Kawu, wannan ai ko da filaya ba ta juyawa." Muka fitar da ita a hankali, muka wanke komai da kananzir, muka goge sandar da takardar yashi mai laushi har ta yi sheƙi. Gawayin injin guda biyu, wato ƴan guntayen da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, suna da sauran tsawo, muka bar su. Zoben tagullar muka share, muka sa sabon giris a haƙora da sanda, muka yanko roba daidai bakin bututun.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: kafin a mayar da hannu, a haɗa soket, a kunna injin ya yi zagaye, a kashe shi ya tsaya da kansa. Sai a ɗora hannun a kan alamar tef. In ba haka ba zai riƙa dukan robar gefen gilashi. Mun kuma zura allura a bakin feshin ruwa, wanda laka ta toshe. Kada a taɓa kunna waifa a kan busasshiyar ƙura: yashi ne, yana karce gilashi, yana cin roba, yana wahalar da inji. Yanzu kowace Juma'a ina fesa ruwa in bar ta ta yi ɗan aiki, ko da rani ne, domin dogon zama ba motsi yana cikin abin da ke kashe ta.

Karnukan ma an yi su ne don ƙasa mai damshi da sanyi, kuma nan ne wahalarsu take. Babban abokin gabarsu ƙarangiya. Gashin kunnuwansu da na ƙafafu yana kwasarta, ta dunƙule, ta shige tsakanin yatsu. Duk dawowa daga daji sai na zauna da mataji da almakashi na bi su ɗaya bayan ɗaya, in duba kaska a wuya da cikin kunne. Kunnen da ya rufe haka iska ba ta shigarsa, in an bar shi da jiƙa sai ya fara wari, kare ya riƙa kaɗa kai. Ina aske gashin cikin, ina busar da shi bayan sun shiga ruwa. Allurar haukan kare kowace shekara ba fashi. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba ma fita sai da asuba, kuma ba na barinsu a rufaffiyar mota ko na minti kaɗan, domin kare da haki yake sanyaya jikinsa, kuma sifaniyel ba ya sanin ya gaji, zai yi ta aiki har ya faɗi.

Mutane da dama sun roƙe ni ɗan kwikwiyo in Kyauta ta haihu. Ina tambayar kowa abu biyu: ko yana da inuwa da ruwan da ba ya yankewa, kuma ko zai iya fita da shi kullum ya ba hancinsa aiki. Wanda yake neman mai gadin gida ina ce masa ya nemi namu na gida, ya fi jure zafi, ya fi iya gadi, ƙarangiya kuma ba ta kama gashinsa. Sifaniyel ɗin da aka ɗaure a turke yini guda, haushi zai yi ta yi yana tona ƙasa, har maigidan ya gaji ya sake shi a titi, kuma ba zan ba da ɗan Kyauta a yi masa haka ba.