Yadda Muka Mayar da Gurɓatacciyar Ƙasar Gidan Mai Kwaltar Hanya

A lokacin da nake aikin tsaftace muhalli a jihar Massachusetts ta Amurka, an damƙa mana wani tsohon gidan mai da aka rufe domin mu tono tankunansa. Tun 1988 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta kafa dokoki kan tankunan da ake binnewa, ta kuma ba masu su wa'adi zuwa Disambar 1998 su gyara ko su rufe, amma man da tsofaffin tankunan ƙarfe suka daɗe suna ɗigarwa bai bar ƙasa ba don an kafa doka. Da injin haƙa ya ɗago tankin dizal, sai muka ga tsatsa ta huda gindinsa, yashin da ke ƙarƙashinsa ya rine ya koma ruwan toka, kuma duk wanda ya damƙe shi da safar hannu sai maiƙo ya bi yatsunsa.

Kai wannan ƙasa juji yana da tsada, kuma mai filin zai ci gaba da fargabar ranar da za a dawo masa da maganar. Saboda haka ƙwararren da jihar ta ba lasisin sa ido kan irin wannan aiki ya ba da shawarar a kai ta wurin haɗa kwalta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kwalta ita ma daga ɗanyen mai take, don haka idan ta lulluɓe ƙwayoyin yashi ta daskare, tana riƙe ragowar dizal ɗin, ruwan sama ba ya samun hanyar wanke shi zuwa rijiyoyin mutane.

Inda aikin ya fi cin hankali shi ne kafin tifa ta farko ta tashi. Mun ware ƙasar tun a bakin rami, mai tsabta gefe guda, mai warin mai gefe guda, muka shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, muka rufe tulin da wata, muka danne gefunanta da buhunan yashi don kada iska ta yaye ta. Wannan warewa ita ce ta rage kuɗin aikin, domin da an cakuɗa su da dukkan ƙasar ta zama abin biya. Daga nan muka ɗebi samfuri daga wurare daban-daban na tulin muka aika ɗakin gwaji. Masu kwaltar ba su yarda su karɓi ko cokali ɗaya ba sai da suka ga sakamakon, kuma ina ganin sun yi daidai. Suna neman dalma, saboda sai a 1996 aka haramta fetur mai dalma ga motoci a Amurka, kuma suna neman sinadaran wanke inji da guba irin wadda kan shiga baƙin mai. Ƙasar da ke bayan garejin gyaran mota ta faɗi gwajin, aka tura ta wurin da ake karɓar shara mai haɗari.

Irin ƙasar ma yana da muhimmanci. Yashi da tsakuwa suna kama kwalta sosai, amma laka takan dunƙule ta raunana haɗin, ita kuwa ƙasar da ta sha fetur da yawa tana fitar da tururi mai cutarwa, don haka dizal ya fi dacewa da wannan hanya.

A masana'antar an tace ƙasar aka fitar da manyan duwatsu da guntayen ƙarfe, sannan aka zuba ta a injin cakuɗawa tare da kwaltar da aka sirka da ruwa, ba tare da wuta ba. Aka tara haɗin na wasu kwanaki har ruwan ya bushe, aka sake gwada shi a tabbatar ba ya sakin mai. An shimfiɗa shi a matsayin shimfiɗar ƙarƙashi a wani filin ajiye motoci, aka bi ta kansa da injin daddaɓewa, sannan aka rufe shi da sabuwar kwalta mai zafi. Takardun kowace tifa, daga nauyinta zuwa inda aka sauke ta, sun shiga rahoton da muka miƙa wa hukumar muhalli ta jihar.