Kalma ɗaya ta buɗe min ƙofa

Wata huɗu ina Madina, kullum sai in yi sallah a Harami in wuce gida, ban san akwai laburare a cikin masallacin ba. Wani dattijo ɗan Takari, haifaffen nan, Hausarsa duk ta sha Larabci, shi ya ja hannuna. Ko riyal ɗaya ba a karɓa.

Na zauna gaban kwamfuta na rubuta "Hausa". Abin da ya fito bai taka kara ya karya ba, har na fara tsaki. Dattijon ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, rubuta Takrur. Da wannan sunan mutanen zamanin da suka san mu."

Sai ga Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu. Wallahi kunya ta kama ni, littafin Sakkwato sai da na ƙetare Bahar Maliya na fara taɓa shi!

Dattijon ya ce saura rubuce-rubucen hannu na laburaren Arif Hikmat, waƙafin zamanin Turkawa. Asabar za mu nema, in Allah ya kai mu.