Inda muka kai da injin tsohuwar Starlet

Ƴan'uwa masu koyo, waɗanda ba su samu zuwa garaji a makon nan ba, ga inda aka kwana. Injin tsohuwar motar Starlet ɗin da maigida ya sauke mana a kan taya, mai silinda huɗu da subab 12 (ƴan ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi), mun fara buɗe shi.

Maigida ya hana mu fara haddace sunayen ƙarafa. Ya sa aka kwance buji duka huɗu, aka ɗage murfin subab, ya ɗauki alli ya yi alama a puli (faifai mai haƙora) na bilburkan, wato sandar ƙasa da fistan ke juyawa, da pulin sandar kam da ke sama, mai buɗe subab. Sannan ya miƙa wa ƙaramin cikinmu kile, wato sufana, ya ce: "Juya a hankali, yaro, ku kuma ku ƙirga." Alamar ƙasa ta zagayo sau biyu kafin ta sama ta zagayo sau ɗaya. Aka sake, haka. A ganina wanda ya gane dalilin wannan ya riga ya gane inji, sauran duk ƙari ne.

Dalilin kuwa, fistan, ƙarfen da ke hawa da sauka cikin silinda, yana tafiya huɗu kafin ya gama aiki guda. Ya sauka, subab na shiga a buɗe, ya zuƙo iska gauraye da esansi. Ya hau, duk subab a rufe, ya matse su a ɗan wuri, kusan kashi ɗaya cikin tara na inda suke da farko. Buji ya ba da wuta, abin ya kama, ƙarfin ya danna fistan ƙasa. Ya sake hawa, subab na fita a buɗe, ya kori hayaƙi. Sauka biyu da hawa biyu ke nan, wato bilburkan ya juya sau biyu, alhali kowane subab sau ɗaya ake so ya buɗe. Shi ya sa pulin sama ya ninka na ƙasa yawan haƙora. Tsarin nan tun 1876 ne, lokacin da Nikolaus Otto ya ƙera injinsa a Jamus, kuma shi ne a cikin babur ɗin ɗan kabu-kabu da ke kai ku Kasuwar Dole.

Cikin tafiya huɗun, ɗaya tak ke ba da ƙarfi. Sauran ukun cin bashi suke yi daga nauyin babban faifan ƙarfe da ke bayan bilburkan da kuma ƴan'uwansu fistan, domin wutar bi da bi take kamawa a silinda: ta 1, ta 3, ta 4, ta 2. Yadda hawa da sauka ke komawa juyi, ku leƙa ƙarƙashin keken ɗinki na ƙafa wajen kowane tela, za ku ga irin biyel (sandar da ke haɗa fistan da bilburkan) da bilburkan a fili.

Kowa ya toshe ramin buji da babban yatsa ana juyawa. In fistan ya taso da matsi, iska sai ta ture yatsan da ƙarfi. Silinda ta uku ba ta ture ba, huci kawai ta yi. Da aka cire kilas, wato kan injin, aka zaro fistanta, segiman ɗin, zobban da ke jikin fistan, sun cinye, bangon silindar duk zane. Maigida ya ce aikin ƙura ne. Mai motar ya daɗe yana yawo da matatar iska a yage, ga hunturun Damagaram kun san shi. Inji yana shan iska kusan kilo 15 a kan kowane kilo na esansi, to ku auna yawan rairayin da ya haɗiya. Irin wannan motar ce za ka ga tana shuɗin hayaƙi tana shanye baƙin mai.

An yi gardama a kan tarmosta. Makanikai da yawa a garin nan cire shi suke yi su yar, wai zafin Afrilu da Mayu ya fi ƙarfinsa. Ni ban yarda ba. Aikinsa ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya sake shi zuwa radiyata. Motar da ke tafasa, galibi radiyatarta ce ta toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya, ko fanka ta mutu, ko murfin ya daina riƙe matsi. Maigida dai murmushi ya yi, ya ce sai ranar da muka buɗe famfon ruwa za a raba gardamar.

Injin gazuwal mun ɗan taɓa shi da baki kawai: ba shi da buji mai tartsatsi, matsi ne ke zafafa iska har man ya kama da kansa. Za a zo kansa in an samu na Hilux.

Lahadi mai zuwa bayan la'asar za a mayar da kilas da sabon juwan (shimfiɗar da ke tsakaninsa da silinda), a koyi ɗaure notinansa daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, sannan a daidaita alamomin kuruwa, wato bel ɗin da ke haɗa pulin ƙasa da na sama. Kowa ya zo da tsumma da gwangwanin zuba notina, kuma a bar manyan riguna a gida.