Makarantar shata ko ta gwamnati? Tambayar da autarmu ta jefo mani daga Amurka

Daren Talata ne bayan isha'i, ina zaune ƙofar gida nan Ƙofar Marusa na ƙudundune cikin bargo don sanyin bana ba wasa, sai ga kiran WhatsApp daga autarmu da ke aure a Minesota can Amurka. Su lokacin ko la'asar ba su yi ba, awa 7 ke tsakaninmu in ana hunturu. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, Yaya don Allah shawara nake nema, yaron nan zai cika shekara 5, an buɗe wata sabuwar cata sukul kusa da mu, babanshi ya kafe sai can, ni kuma hankalina ya fi kwanciya da ta gwamnati ta unguwarmu.

Ni dai kunnena shata ya ji. Na ce ke Auta, yanzu har makaranta ake ɗauka shata kamar motar kai amarya? Ta yi dariya har tana tari. Tun ranar makarantar shata nake ce mata, kuma da ta warware mani yadda abin yake sai na ga sunan bai kauce sosai ba.

Kuɗin gwamnati ne ke riƙe da makarantar, gwargwadon yawan yaran da ke cikinta, iyaye ba su biyan kuɗin makaranta ko sisi, amma ba hukumar ilimi ta yankin ke juya ta ba. Wasu ne za su haɗu, malamai ko iyaye ko wata ƙungiya, su rubuta ga abin da za mu koyar ga sakamakon da za mu kawo, a sa hannu a ba su wa'adi, a jiharsu ba ya wuce shekara 5, in sun cika alkawari a sabunta masu, in sun gaza ko kuɗi ya rikice a rufe. Su ke ɗaukar malamansu, su ke tsara karatunsu. In masu nema sun fi kujeru yawa ƙuri'a ake yi, ba jarrabawa ba ɗan wane, wannan kam ya burge ni wallahi. Kuma ashe a jihar tasu aka fara abin, an yi dokar a 1991, ta farkon mai suna City Academy ta buɗe a birnin St. Paul a 1992, yanzu yara sama da miliyan 3 ke irin waɗannan makarantu a faɗin ƙasar. Ita kuwa ta unguwa adireshinka ne ke ba ka ita, in dai kana zaune a yankin dole a karɓi ɗanka.

Na ce to shi maigidan me ya gani? Ta ce gini sabo fil, aji ba cunkoso, kowane yaro da kwamfutarshi, ga yunifom, ga 'ya'yan Musulmi da yawa musamman 'yan Somaliya don sun cika garin. Na ce ana karatun addini kenan? Ta ce a'a, kuɗin gwamnati ne ai, doka ba ta yarda ba, Islamiyya sai Asabar da Lahadi ko wacce suka zaɓa. To ka ji, wannan hujjar ta rage ƙarfi.

Da ta ce sabo fil ɗin nan sai da gabana ya faɗi, don ni an taɓa cin kasuwata da fenti.

Shekarun baya aka buɗe wata firabet nan cikin gari, ba zan kama suna ba. Allon suna ƙato, hoton yara masu nektai, fanka biyu kowane aji, bas an rubuta sunan makaranta a jiki da ruwan gwal. Na ɗauki ɗiyata ta fari na kai, na biya kuɗin fom, na yunifom kala biyu, na littattafan da a wajensu kawai ake saye. Zangon farko lafiya lau, tana dawowa tana mana waƙoƙin Turanci uwarta na ta washe baki. Kafin shekara ta ƙare an canza masu malamar aji sau uku, ta farko ta samu aiki wani wuri, ta biyu an riƙe mata albashi ta tafi, ta ukun yarinya ce da ta gama sakandare tana jiran sakamakon JAMB. Bas ta lalace aka ce mu riƙa kawo su da kanmu, na koma biyan mai Napep. A shekara ta biyu, ranar da aka koma hutu, muka iske get da kwaɗo, an manna wata 'yar takarda da salatif wai an dakatar da karatu sai abin da hali ya yi, mai gidan ya karɓi gidanshi ashe haya suke. Har yau ina tuna yarinyar tsaye da kwandon abincinta tana tambayata Baba yau ma hutu ne?

Dole na mai da ita firamaren gwamnati da ni kaina na yi. Ba zan yi maku ƙarya ba, ajin ya cika maƙil, wasu a ƙasa suke zama, har yanzu ina biyan kuɗin lesin da yamma. Amma akwai wata dattijuwar malama da ta fi shekara ashirin a wurin, sati ɗaya kawai ta aiko a kira ni, ta buɗe littafi ta nuna kalma a tsakiyar shafi ta ce yarinya ta karanta, shiru. Ta ce Malam ɗiyarka hadda ta iya ba karatu ba, ka bar mani ita. Kafin ƙarshen zango na biyu tana haɗa baƙi da kanta.

Na san ba ɗaya ba ne, tamu ta kuɗi ce kuma ta mutum ɗaya, tasu kyauta ce kuma akwai masu sa ido. Kuma ni ba maƙiyin sabon abu ba ne, Kwalejin Katsina ma da aka kafa a 1921 ai sabuwa ce wata rana, ita ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa kafin ta koma Kaduna, daga baya Zariya ta zama Barewa. Amma makarantar da ba ta taɓa yaye kowa ba, ba ka da wanda za ka je ka tambaya ya kuka ƙare, alkawari kawai gare ta, kuma 'yan farko su ne zakaran gwajin dafi. Yaro ɗan shekara 5 kuwa lokacin haɗa baƙi ne, in aka yi ta canza mashi hannu a nan, gyaran sai an sha wuya.

Shi ya sa na ce mata kar ta je ranar da suka gayyaci iyaye aka share ko'ina, ta je ranar Laraba haka kawai da hantsi ta ce tana son leƙa aji. Ta tambayi malamar da za ta riƙe yaron shekara nawa tana koyarwa, ta tambayi ginin nasu ne ko haya, wa'adin nasu yaushe zai ƙare, bas na zuwa layinsu ko ita za ta riƙa fita cikin ƙanƙarar nan tasu da asuba. Sannan ta yi wa ta unguwar irin wannan zuwan, don tsufa ma ba shaida ba ce, akwai tsohuwar makarantar da suna kawai ya rage mata. Na ce kuma ki bi maigidan a hankali, kar ki ce Yaya ya ce, sai ya ga kamar daga Katsina ake juya mashi gida.

Jiya ta turo mani saƙon murya. Sun je duka biyun tare. Ginin shata haya ne, malamar kuma bana ta fara aiki, amma ta ce yarinyar na da kirki da son yara har ita kanta ta ɗan karaya. Ta unguwar kuma malamar ta koyar da yaran maƙwabtansu har uku. Sun dai cike fom ɗin ƙuri'ar don a zauna lafiya a gida, sun kuma yi rajista a ta unguwa, wai sai sakamako ya fito a sake zama. Ta ce Yaya in ƙuri'ar ta faɗo kanmu fa? Na ce ki kira ni, amma don Allah ki duba agogo tukuna, ranar nan ƙarfe biyun dare kika tashe ni.